Katantanwar Motar Jatau

Illo makanike maƙwabcina ne a Dogon Dutsi. Darni ɗaya ya raba gidajenmu shekara talatin da 'yan kai. Ya rasu bara waccan. Mutanen yanzu da hauya suka san shi, shi ya sa na ce bari in rubuta ɗan abin da na gani tun idona na aiki.

Ɗan maƙeran Kiyeshe ne. Ya tafi Yamai kafin a samu 'yancin kai, ya yi shekara bakwai kwance ƙarƙashin motoci, ya dawo da akwatin kayan aiki da yatsa ɗaya da ba ya lanƙwasa. Ba shi da gareji. Ƙofar gidansa ce garejin, ƙarƙashin itacen bedi.

Yana da wata al'ada. Garinmu yashi ne, kuma ya ce yashi ke kashe inji. Saboda haka duk tiyon da ya kwance sai ya cusa ƙyalle a bakinsa har ya gama aiki. Ƙyallen daga tsoffin zannuwan matarsa Hadiza yake yagowa. Takan ce, "Malam, ka bar mini ko na ɗaurawa mana." Sai ya yi murmushi ya yage wani.

Ƙanensa Jatau direba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara bakwai bayan 'yancin kai, ɗan kasuwan da Jatau ke yi wa aiki ya sayo babbar mota daga Yamai. Tana da wani ƙarfe a gefen inji mai tura iska ciki. Illo ya ce sunansa turbo. Mu katantanwa muke ce masa, don a naɗe yake kamar ita. In motar na hawa tudu sai ka ji tana fito.

Wata Laraba Jatau ya kawo ta, mai na ɗiga a ƙarƙashin katantanwar.

"Yaya, ga amaryar taku tana zubda hawaye."

"Kai kas sa ta kuka. Tuƙinka kamar mai korar jaki daga gona."

"To gyara mini, makanike mai yatsa tara da rabi. Asabar ina da lodi a Gesheme."

Illo ya kwance tiyo, ya toshe, ya canza abin canzawa, ya mayar. Ana cikin haka aka kira sallar la'asar, suka tafi tare suna faɗa kan wanda ya fi wani ci.

Ran Asabar Jatau ya ɗauko buhunan gero da mutane a sama. Daidai wata tsamiya da mutanen wajen ba su zama ƙarƙashinta, sai injin ya ɗauki kuka shi kaɗai, farin hayaƙi ya rufe hanya. Jatau ya tsaida motar, ya zare makulli, injin bai mutu ba, sai ƙara kuka yake. Mutane suka diro suka watse. Shi ya tuɓe rigarsa ya nufi inda injin ke shaƙar iska zai toshe. Bai kai ba injin ya fashe. A amalanken shanu aka kawo gawar Jatau, an rufe ta da bargo.

Kowa ya ce doguwa ce, aljanar tsamiyar. Mota ba makulli tana kuka, me kuma ake nema?

Uwarsu Ajuma ta yarda da haka fiye da kowa. Gidan ubanta kowace kaka sukan yanka wa doguwa baƙar akuya. Ita ta bari, shekara biyu ke nan, saboda 'ya'yanta sun ce ta bari. Sai ta ce ita ta kashe ɗanta, doguwa ta zo ta karɓi abinta. Ba ta kuka. Ta juya fuska ga bango, ta daina cin abinci. Ruwa kawai, shi ma sai an matsa.

Bayan sadakar bakwai aka jawo motar zuwa ƙofar gidan Illo. Da hantsi ya leƙo ta kan darni.

"Tukur, zo ka riƙe mini daro."

Na riƙe. Notin sun cije, ya zuba musu kananzir, muka zauna muna jira. Ya kwance huɗu, ya cire tiyon mai na sama da na ƙasa, ya rungumo katantanwar ya shiga da ita gida, ya aza kan tabarma. Ya buɗe ta. Akwai 'yar fanka ciki. Ya ce gefen nan busasshe ya kamata a same shi. Ya sa yatsa, ya fito da shi baƙi da mai.

"Man kansa ya sha," in ji shi. "Inji in ya samu mai ta nan, ba ruwansa da makulli."

"To mi ya kawo man nan?"

Ya ɗauki tiyon ƙasa, wanda mai ke komawa ta ciki, ya sa a baki ya hura. Iska ba ta fita ba. Ya sake hurawa. Ya lanƙwasa waya ya zura, ya yi ta ja a hankali, har wani baƙin dunƙule ya fito. Ya wanke shi cikin daron. Ƙyalle ne, shuɗi mai fararen ɗigo.

Hadiza na tsaye da ƙwarya. Ta dubi ƙyallen, ta ajiye ƙwaryar, ta shiga ɗaki.

Na ce, "Illo, ni ban ga komi ba. Mutane sun riga sun ce doguwa."

Ya ce, "Inna ba ta ci ba yau kwana tara."

Ya wanke hannu har sau uku. Na bi shi zuwa ƙofar ɗakin tsohuwar. Ya durƙusa ya ajiye ƙyallen kusa da kanta.

"Inna, ba doguwa ba ce. Ba akuya ba ce. Wannan na manta cikin motar. Ni ne."

Ta juyo. Ta daɗe tana kallon ƙyallen, ta taɓa shi da yatsa. Illo ba ta dube shi ba. Can ta ce, "A dama mini fura."

Ta sha rabin ƙwarya. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, a gidansa, shi ke kai mata abinci da hannunsa. Ban taɓa jin ta tada zancen ba, ban kuma sake jin ta kira shi da sunan wasan da take kiransa da shi ba.

Akwatin kayan aiki ya ba wani makanike a tasha. Ya koma noman gero a hanyar Kiyeshe. In mota ta lalace kusa da gonarsa, yakan nuna musu hanyar gari.

Katantanwar tana nan ƙarƙashin rumbunsa. Kaji na kwanciya a jikinta in rana ta yi zafi.