Adireshin Bara a Shafin Fillanci

Goggo mai nono tana cikin zuba mini ludayi na biyu a ƙofar ofis ta ce, "Gobe kada ki jira ni, 'yar nan. Gobe Talata shanunmu za su allura Burumburum."

Na ce, "Alhamis dai, Goggo. Kuma a kara za a yi, kasuwar shanu ta nan Tudun Wada."

Ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta dube ni sheƙeƙe. "Jikata ce ta karanta mini a waya, da Fillancinmu tsaf. Ba daga ɗakin nan naku ya fito ba? Talata, Burumburum, saurar bakin rafi, inda aka yi bara."

Inda aka yi bara. Har yau ina tuna yadda ta faɗi kalmomin nan. Na san wurin. Bara saura ce, ba mai nomanta, shi ya sa aka tara shanu a can. Bana kuwa wasu 'yan'uwa uku sun share ta sun shuka masara. Sati biyu kafin nan mun wuce ta gefenta za mu barka, masarar ta kai mini ƙugu, kore shar, kuma burtalin da ke kaiwa can gonaki sun matse shi hagu da dama. Na hango garke bayan garke suna gangarowa da sassafe, kowane makiyayi da gaskiyarsa a cikin waya. Ba sai an gaya wa 'yar Tudun Wada abin da ke faruwa ba in saniya ta shiga masara da damina.

Na ajiye kwanon nonon a kan dakali ban sha ba. Goggo tana cewa, "Ke lafiya? Ko ya yi tsami ne?" na shige ciki.

Ofishin ɗaki ɗaya ne na wata ƙungiyar manoma da makiyaya. Mu biyu ne a cikinsa, ni da Yaya, ɗan ƙanwar Baba, wanda ya yi karatun kwamfuta a birni. Da na gama sakandare ina zaune a gida, shi ya je ya roƙi Baba ya bar ni in riƙa taya shi. Taubashina ne, don haka tun ranar farko ya laƙaba mini Injiniya, ni kuma ina ce masa Bawan Baba. Muna da shafi a intanet mai harshe uku, Hausa da Fillanci da Turanci. A ciki ake sa ranakun kasuwa, da lokacin rabon iri, da sanarwar masunta na Bagauda, da ranar allurar dabbobi, tun daga Bebeji da Kiru har Doguwa.

Yaya yana rubuta kowace sanarwa a fayil, kowane harshe da nasa. Sai ya danna abu ɗaya, wata manhaja ta kwashe su ta fitar da shafuka, kowanne da adireshinsa: sunan shafinmu, sai alamar harshe, sai shekara, sai sunan sanarwar. Ya ce mini, "Kamar buga bulo ne, Injiniya. In ya bushe ya bushe. In da karkata, sai dai a sake kwaɓa ƙasa a buga sabo."

Aikina shi ne gwada adireshin. Duk lokacin da ya buga sabo sai ya fitar mini da jerin su a takarda, in bi ɗaya bayan ɗaya da wata tsohuwar waya mai fashewar fuska, don irinta mutanenmu suke riƙewa. Tambaya uku ya koya mini. Ya buɗe? Harshen da aka nema ne? Adireshin da ke sama shi ne na takarda, har ƙarshensa? In duka ukun sun yi, sai in ja layi da jan biro, in sa hannu a ƙasa.

Ina son aikin, kuma na iya shi. Ni na kama ranar da alamar harshe ta fito sau biyu a jere, duk shafukan Turanci suka ɓace. Ni na gano cewa shafin masunta yana buɗewa in ka shigo ta ƙofar farko, amma in an turo maka adireshin kai tsaye sai ka tarar da fili fetal. Ranar Yaya ya sayo mini gurasa da ƙuli, ya ce, "Ashe dai ba kan tuwo kaɗai kike da ido ba."

To amma tambaya ta uku tana da wahala a wayar nan. Farkon adireshin kawai take nunawa, wutsiyar a ɓoye, sai ka danna ka ja da yatsa, ita kuma fuskar tana ƙin ji a daidai inda ta fashe. A hankali na fara tsallake ta, ban gaya wa kowa ba. Fillanci kuwa ban iya ba, in ban da gaisuwa. In na danna maɓallin sauya harshe na ga rubutun da ba na ganewa da hoton shanu, sai in ce ai shi ne, in ja layi.

Ranar Litinin ɗin nan na zauna na buɗe sanarwar allura ta Hausa. Alhamis, kara, daidai. Na danna Fillanci. Ya buɗe, ga hoton nan na farin sa mai manyan ƙaho, wanda muke sawa kowace shekara. Na danna adireshin na ja. Sai a karo na huɗu ya jawu. A wurin shekara, bara ce zaune. Na gangara cikin rubutun, ga Burumburum nan ɓaro-ɓaro a layi na uku, sunan da ko ban iya harshen ba da na karanta, da na duba.

Na ɗauko takardar gwajin satin da ya wuce daga cikin durowa. Jan layina yana nan a kan adireshin. Sa hannuna yana ƙasa, har da 'yar lanƙwasar da nake yi masa don gayu.

Daga baya na gane yadda aka yi. Yaya yakan kwafi fayilolin bara ya gyara su su zama na bana. A saman kowanne akwai layi ɗaya da ke ɗaure harsunan uku wuri guda. Fassarar Fillanci ta iso a makare, ya sa ta, amma ya manta layin, sai maɓallin ya ci gaba da kai mutane tsohon shafi. Irin wannan mantuwar ce aka ɗauke ni don in kama.

Yaya yana Doguwa wajen suna, a wani ƙauye da sai an hau tudu ake samun sabis. Na kira shi ya fi sau goma. Na san layin da za a gyara, amma kwamfutar da ke buga shafin tana cikin jakarsa. Ko da ma tana gabana, maganar ta riga ta fita daga waya ta shiga bakin mutane. Kwana biyar ke nan da fitar sanarwar.

Na kulle ofis na tafi gida da ƙafa, ban ma tuna da hawa mashin ba. Baba yana zaure yana wasa fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, ya dubi fuskata. Ya ajiye dutsen ya ce, "Wa ya mutu?"

Na gaya masa duka, har da tambayar da nake tsallakewa. Ban san ko ya gane zancen adireshi ba, amma ya gane shanu da masara. Ya jingine fartanyar. Na ɗauka zai ce daman ya faɗa, aikin kwamfuta ba na 'ya mace ba ne. Sai ya ce, "Gonar 'yan'uwan nan uku? Ƙaraminsu ba ya da haƙuri." Ya miƙe. "Shiga ki gaya wa uwarki, ki sa babban mayafi. Wajen Ardo za mu."

"Baba, ni ma?"

"Ni na ja layin?"

Ardon yankin, shugaban makiyayan wajen, rugarsa tana can bayan Burumburum. Mun yi azahar muka hau mashin ɗin Baba. An yi ruwa da asuba, hanyar duk taɓo, sau biyu ina sauka yana turawa. Da muka zo daidai gonar ban so in duba ba, amma na duba. Mutum biyu suna ciki suna maimai, ɗayan ya ɗago ya ɗaga wa Baba hannu, ya ce a sauka lafiya. Baba ya amsa masa kamar ba komai. Ni kuwa na cusa fuskata a bayan rigarsa ina ta Hasbunallahu. Ina ta lissafa abin da za a ce: wace ce ta rubuta? 'Yar gidan wa? Ina ganin Yaya a gaban hukuma saboda ya yarda da ni. Ina ganin mutumin nan mai ɗaga hannu kwance a cikin masararsa.

Baba ya ji rigarsa ta jiƙe. Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "In kuka za ki yi, ki bari mu fita daga taɓon nan. Girgiza mini mashin kike yi."

Mun isa gab da la'asar. Ardo dattijo ne siriri, yana zaune a kan buzu a gindin ɗorawa, da rediyo a gefensa. Gaisuwar da suka yi da Baba ta kusa kashe ni. Ya gida, ya iyali, ya ruwa, ya shanu, ya hanya, aka koma kan ya iyali. Aka kawo kindirmo. Ina durƙushe a gefe, ƙafata ta yi tsami, su kuma sun shiga zancen tsadar gishirin dabbobi.

Can Baba ya ce, "Ardo, yarinyar nan ce take da magana."

Na faɗa, kaina a ƙasa. Na ce sanarwar Fillanci da ke waya ta bara ce, ba Talata ba ce, ba Burumburum ba ce, kuma laifina ne, ni aka ba in duba ban duba ba. Na ce don Allah a aika rugage kafin gari ya waye.

Ardo ya kashe rediyonsa. Ya ce, "Ɗago, ɓingel," wato yarinya da Fillanci. Na ɗago. "Ke ce ta cikin wayar?"

"Ni ce, Baba Ardo."

"Na ɗauka ƙaton mutum ne mai gilashi." Ya juya wajen Baba yana dariya. "Malam, 'yarka tana tsammani Bafillace yana kora shanu don waya ta ce ya kora. Ko mahaifina ne ya taso ya ce mini akwai ciyawa a wuri kaza, sai na aika an taka wurin da ƙafa kafin saniya ta ɗaga kofato. Haka muka gada. Ranar Juma'a aka karanta mini. Asabar na tura ƙanena ya bi burtalin har bakin rafi. Ya dawo ya ce, Ardo, in allura za a yi a can, sai dai masara za a yi wa."

Baba ya yi dariya har da tari. Ni ban iya ba tukuna. Na ce, "To sauran rugagen fa? Ɗazu Goggo mai nono ta ce mini gobe za su."

"Mai wushiryar nan da ke kai muku nono? Matar ɗan yayana ce. Ta ji saƙon waya, nawa saƙon ya wuce ta tana kasuwa. Jiya Lahadi na kira malamin dabbobi ya ce Alhamis a kara, na aika ko'ina har gindin duwatsun Doguwa. Da na so in zo ofishinku in ce wayarku ta tsufa tana ba da labarin bara, sai ƙafa ta hana."

Na sake tambaya, don ban yarda da kunnena ba. "Ba wanda zai je gobe?"

"Ko akuya."

A daidai nan wayata ta yi ƙara a cikin mayafi. Yaya ne, ya hau tudu. "Injiniya, kira goma sha uku? Ofis ne ya kama wuta?" Na buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa. Baba ya karɓi wayar ya ce, "Kai, Bawana, gobe ka dawo da sassafe, bulonka ya karkace," ya kashe.

Ardo ya tura mini ƙwaryar kindirmon da ƙafar sandarsa. "Sha. Ba abin da zai faru, ɓingel, ba a kanki ba, ba a kan kowa ba. Ki je ki gyara na cikin wayar don masu zuwa baya. In Fillancin ne ya gagare ki, ga jikar Goggonki nan, duk rugar nan ba wanda ya kai ta karatu, ki riƙa kiranta ta duba miki."

Aka kira la'asar daga wata ruga can nesa. Na ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, amma duk da haka sai da nonon ya zube mini a mayafi. Baba ya dubi mayafin ya ce, "Wannan kuma ke da uwarki."