Sau uku na zagaya shataletale da Baba a mota

Ina riƙe da sitiyari, Baba yana kujerar baya, asma ta tasar masa.

Wata shida ke nan ina tuƙi, amma ban taɓa shiga babban shataletalen cikin gari ba. Daga unguwarmu Maitumbi lungu-lungu nake bi in kauce masa. Yau kuwa asibiti muka nufa, babu lokacin zagaye.

Na yi bismillah na shiga, fita ta gagara. Da na sa sigina sai masu keke su tare ni ta dama.

Baba ya ɗago da ƙyar ya ce, "Hadiza, mai ayabar can sau uku ke nan ina ganinta."

Na ce, "Baba, sun ƙi ba ni hanya."

Ya ce, "Ba a bayarwa, 'yar nan. Danna hon, ki sa kan motar a hankali."

Haka na yi, ido cike da ƙwalla, masu keken suka dakata, na fita.

Yanzu an ba shi gado, numfashinsa bai gama daidaita ba. Ina zaune ina tunanin mintunan da tsorona ya cinye masa.

Ku sa shi a addu'a. Ku kuma wace hanya kuke ta kauce wa?