Malam Bawa Mai Tambayar Taga

Warin ɗanyar albasa ke fara shigowa aji, sai muryar Malam Bawa, sannan shi kansa. Ku da kuka yi elementare a Boɗinga kun san ban ƙara gishiri ba. Kullum da albasa a aljihu, yana gatsa kamar goro. Har Baturen makaranta ya taɓa miƙa wa. Bature ya ja da baya, Malam ya ce, "Alhamdu lillahi, da ma ita ɗai ta rage!"

Ga tsimi! Kekensa sabo fil, amma tura shi yake yi har kasuwar Shagari.

Sai a ce masa, "Malam, ba ka hawa?"

"In hau taya ta cinye? Ƙahwata kyauta Allah ya ba ni."

Ni kuwa yarinya ce mai shiru, ido kullum a taga, ina kallon balbelu a bayan shanu. Shi ba ya magana sai da tsawa. Da ya daka mini "Ke Hajo!" sai duk abin da na sani ya watse. Ga shi Bature zai dawo zaɓen 'yan matan da za su wuce makarantar Sakkwato, kuma da baki yake tambaya. Wadda ta yi shiru, karatunta ya ƙare.

Ran nan Malam ya gaji. "Wai mi tagag ga ta hi ni da shi?" Ya juya mini baya, ya fuskance ta. "To ke taga, bakwai sau takwas?"

Aji ya fashe da dariya. Da na ga idonsa ba ya kaina, na ce a hankali, "Hamsin da shida."

"Daidai! Taga ta hi ku duka!"

Tun daga nan taga yake tambaya, ni ina amsa mata, muryata tana ƙara fitowa. Ranar da Bature ya zo na buɗe baki, na wuce.

Sai bana, da na je gaisuwar rasuwar Malam, matarsa Inna Kulu ta ce, "Ɗiyata, ai Malam kunnensa ya yi nauyi tun yana saurayi. Bai taɓa jin amsarki ba. Ɗan jira yake yi, sai ya ce daidai."

"To Inna, in na yi kure fa?"

"Cewa ya yi bakin ya buɗe tukuna, lissahi kuwa sai ya gyara shi bisa allo."

Allah Mai jin raɗa, ka ji wannan tawa: ka jiƙan Malam, ka sanyaya makwancinsa.