Hutun Da Na Ari Tabulet Ɗin Yaya

Ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Bodinga. Kusan duk abin da nake rubutawa, tun daga tambayoyin jarrabawa har zuwa 'yan labaran da nake tsara wa ɗalibai su karanta a aji, a kan wata tsohuwar laftof nake yi, wadda na saya kwance tun ina karatu a Sakkwato. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take tashi, in kuwa aka ɗauke wuta ina tsakiyar jimla, jimlar ta tafi ke nan. Da bazara takan ɗauki zafi har in kasa ɗora hannu a gefenta, fankar cikinta na ta kuka kamar injin markaɗe. Ga nauyi. Ranar da na ɗauke ta zuwa makaranta, kafaɗata ce ke ba da labari da yamma.

Na daɗe ina cewa zan sauya ta, amma a zuciyata wata laftof ɗin nake nufi. Ban taɓa kawo wani abu daban a raina ba sai da aka ba mu hutu na tafi Shagari gaida Inna, mahaifiyarmu, wadda ke zaune a gidan babban wana.

Yaya tela ne, yana da shago a bakin kasuwa. Da na biya in gaishe shi, na tarar da shi da wani dattijo sun duƙufa a kan wani abu mai faɗi kamar faranti. Yaya na jan yatsa a kan gilashin, hotunan wuyan riguna suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ya nuna wani aiki, Yaya ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton har zaren ya fito ɓaro-ɓaro. Na san tabulet, ina ganin sa a hannun mutane, amma a wurina babbar waya ce kawai ta kallon fim. Abin da ya tsayar da ni shi ne, bayan dattijon ya tafi, Yaya ya jawo wani siririn kibod daga ƙarƙashin yadi, ya jingina tabulet ɗin da gwangwanin maɓallai, ya shiga rubuta wa wani ɗan kasuwar Kano saƙo.

Na ce, “Yaya, ashe ana rubutu da shi haka?”

Ya ce, “Malama, ke da kike koyar da mutane?” Haka yake kira na in yana so ya tsokane ni. “Tun jiya da hantsi ban sa mishi caji ba, ga shi nan yana aiki.”

Wannan maganar ta caji ita ta kama ni. Na zauna a kan bencin masu jiran ɗinki na shiga yi masa tambayoyi. Yana adana rubutu mai tsawo? Ana iya yin jadawali a ciki? Filash na shiga? Yaya bai san amsar yawancinsu ba, domin shi hoto da saƙo ne damuwarsa. Da ya gaji da ni sai ya ce in tafi da shi Bodinga in gwada har hutu ya ƙare, shi wayarsa za ta ishe shi tunda ba lokacin salla ba ne.

Gwajin farko a tsakar gida muka yi shi a ranar, bayan la'asar. Inna na zaune a kan tabarma tana tsince gero, ta ɗago ta dube ni ina shafa gilashi.

“Wanga allo na yayanki ne kika ɗauko? Mi za ki yi da shi?”

Na ce mata rubutu zan gwada. A garin latse-latse na ga hoton abin magana a gefen haruffa, Yaya ya ce in ka taɓa shi ka yi magana, shi zai rubuta da kansa. Na zaɓi Hausa, na ce a hankali, “Yau mun zo gida lafiya.” Sai ga shi ya fito daidai, har na yi ƙara. Na miƙa wa Inna na ce ta faɗi wani abu. Ta goge hannu da zane, ta matso da bakinta kamar mai raɗa, ta ce, “Ɗiyata tat taho daga Bodinga, munka ci tuwo, shi ko wanga abu shina saurare.”

Tabulet ya yi jim, sannan ya zubo wasu kalmomi da babu mai irinsu a duniya. Na karanta mata. Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, “Bakano na. Ku bar shi, ba ya jin maganarmu.” Ni kuwa sai na kama sake gwadawa, ina faɗin jimla da Hausar littafi, sannan in maimaita ta yadda muke faɗi a gida, ina kallon inda yake tuntuɓe. “Tafi” yana kamawa, “tahi” sai ya rikice. Na so in san wane ne ya koya masa Hausa, kuma muryoyin su wa ya saurara. Har yau ban sani ba.

Da na koma Bodinga na ajiye laftof a kan kabad, na ƙudura cewa ba zan taɓa ta ba sai abin ya gagara. Kwanakin farko daɗi kawai nake ji. Ina zama a inuwar dalbejiyar tsakar gida in yi rubutu, a ɗauke wuta ko a kawo, ban ma sani ba sai in na ji fankar ɗaki ta tsaya. Babu zafi, babu ƙugi. Kibod ɗin ƙarami ne, yatsuna na ta karo da juna, amma a hankali suka saba.

Matsala ta fito daga inda ban zata ba, wato haruffa masu ƙugiya. A laftof ɗina wani abokin aiki ya daɗe da saita mini su, har na manta cewa ba da su aka ƙera ta ba. A gilashin tabulet akwai su, in ka danne harafi sai ɗan'uwansa mai ƙugiya ya leƙo. Amma kibod ɗin da ake jonawa bai san da zamansu ba. Na rubuta wani labari na yara inda ƙura ta shiga ɗakin wata tsohuwa ta ɓata mata gari, da na karanta sai na ga kura ce ta shiga, har ta ba ta gari. Labarin ya fi nawa armashi, amma ba shi na yi niyya ba. Malamar Hausa kuwa ba za ta miƙa wa ɗalibai takarda a haka ba, bayan kullum a kan wannan take jan kunnensu.

Na shiga laluben dabara. In na tsaya ina ɗaga hannu daga kibod zuwa gilashi a kan kowace ƙugiya, tunanina sai ya tsinke. Can na gano cewa manhajar rubutun na iya nemo wasu haruffa a duk cikin shafi ta sauya su da wasu a lokaci guda. Na ce to, duk inda nake son ƙa sai in buga ka sau biyu, in na gama a sauya mini. Na yi haka, na koma ina dubawa cike da alfahari, sai na ga Sakkwato ta koma Saƙwato, “bakwai bakwai” na nan lafiya amma “kakkarya” ta zama wata aba daban. Na zauna ina dariya ni kaɗai. Daga baya na lura akwai haruffa a kibod ɗin da Hausa ba ta aiki da su, suna zaune kawai ba aikin yi. Na ba kowannensu aiki: wannan ya tsaya wa ƙa, wancan ɗa, na ukun ɓa. In na gama rubutu sai in sauya su gaba ɗaya. Kafin hutu ya yi nisa yatsuna sun haddace.

Abu na biyu shi ne bugawa. Na shirya tambayoyin gwaji na sabon zango, da jadawalin da ɗalibai za su cike a ciki. Tabulet ɗin Yaya ba shi da ƙofar da filash ɗina zai shiga, don haka na tura takardar ta waya zuwa ga mai shagon buga takardu da ke kusa da tasha, na hau keke mai ƙafa uku na bi ta. Mutumin ya daɗe yana buga mana takardun makaranta. Ya buɗe a kwamfutarsa ya juyo mini da fuskarta.

“Malama, haka kike so?”

Jadawalin ya wargaje, layuka sun hau juna, wasu haruffan masu ƙugiya sun koma 'yan akwatuna. Na ce a wurina lafiya lau yake. Ya ce ya saba ganin haka, salon harafin da na zaɓa ne babu irinsa a tasa kwamfutar. Ya nuna mini yadda zan rufe takarda ta zama kamar hoto kafin in turo, yadda ba abin da zai motsa. Muka gwada nan take, ta fito tsaf. Na tambaye shi ko shi zai iya barin kwamfutarsa ya koma tabulet. Ya girgiza kai ya ce shi da ke buɗe takardu huɗu biyar lokaci guda, ga firinta, ga katin biki, ba zai iya ba. Sai ya ƙara da cewa, “Amma ke ai ba aikina kike yi ba.”

A hanyar gida na yi ta juya wannan maganar. Na shiga lura da kaina, ina kallon me nake yi da laftof ɗin a zahiri. Rubutu ne, da karanta littattafan da ake turo mana, da shigar da makin ɗalibai a ƙarshen zango. Na gwada na ƙarshen a tabulet, a nan na ji ƙuncinsa: fuskar ta yi ƙanƙanta, sai na yi ta jan shafi dama da hagu, sunan ɗaliba ya ɓace kafin in kai gurbin makinta. Na gane cewa in zan saya, sai wanda ya fi na Yaya faɗi.

Ana saura 'yan kwanaki a koma makaranta na shiga motar Sakkwato da filash ɗina a jaka. Na ratsa shagunan masu sayar da waya. Yawancinsu kyamara suke fara yaba mini, da ƙarar sauti, in na ce zan gwada rubutu sai su ce ba a buɗe kwali. Daga ƙarshe na sami wani mai shago, mutum mai furfura a gemu, wanda ke da na gwaji a kan kanta. Ya ba ni kujera.

Ya ce, “Hajiya, wane aiki za ki yi da shi?”

Na gaya masa. Ya ajiye wani ɗan madaidaici da ya fara ɗaukowa, ya fito da manya biyu. Na jona filash da wata 'yar igiya da ya ba ni, ɗaya ya karanta, ɗayan ya yi shiru. Na buɗe jadawalin maki a wanda ya karanta, na ga suna da maki sun zauna a fuska ɗaya. Na gwada raba fuskar biyu, littafi a hagu rubutu a dama. Na ɗora shi a cinya da kibod ɗinsa in ga ko zai kife. Na ɗaga shi da hannu ɗaya. Na tambayi wurin ajiyarsa, da inda za a sami caja in wannan ta lalace, da wanda zai gyara gilashin in ya fashe. Kan maganar ƙugiya kuwa mun duƙufa ni da shi mun bincike saitin kibod ɗin ciki da bai, ba mu samu ba. Da na nuna masa dabarata ya ce zai koya wa matarsa, ita ma malama ce.

Wanda ya karanta filash ɗin na ɗauka. Mai shagon ya nace in haɗa da wani alƙalami da ake rubutu da shi a kan gilashin. Na ce ba ni da abin yi da shi, ya ce in dai tafi da shi. Na karɓa don kunya.

Laftof ɗin ban rabu da ita ba. Na kai ta ofishin malamai na ajiye kusa da soket, kuma ranar tattara sakamakon dukan azuzuwa har yanzu ita nake kunnawa, domin shafin da ake shigar da shi ba ya buɗuwa sosai a tabulet. Sauran kwanakin shekara kuwa a rufe take.

Alƙalamin ya yi makonni a jaka. Wata Asabar ina gyara jakar ya faɗo, na ce bari in ga. Na ja layi, ya bi hannuna, in na danna ya yi kauri in na sassauta ya sirance. Ban san lokacin da hannuna ya koma dama ya fara rubutun ajami ba, abin da rabona da shi tun ina yarinya. Inna ba ta karanta boko, amma ajami take karantawa ba gargada. Na rubuta mata gaisuwa, na ce ina nan tafe ran Juma'a da albasar da ta ce in nemo mata, na tura wa Yaya hoton na ce ya nuna mata.

Bayan azahar saƙon murya ya shigo. Ina jin keken ɗinki daga nesa, da alama Inna ta je shagon Yaya, sannan muryarta kusa da waya.

“Na gani, na karanta da kaina. Hannunki ya lalace, ɗiyata, wasulan duk kin bar su baya. In kin taho ki zo da allon in gwada miki. Kuma albasar nan, ja nika so, ba hwara ba.”