Kunyar Ɗan Fari

Ɗana na fari a shekarar tsuke bakin aljihu na haife shi, lokacin da madarar gwangwani da sabulu suka ɓace a kasuwar Gwarzo, sai dai maza su bi layi tun asuba. Da sabulun salo na yi wankan jego. Rago ma ya gagara, bunsuru aka yanka ranar suna, mata suna ta tsiya wai yaron zai yi gemu da wuri.

To mu a ƙauyenmu Gude, ɗan fari ba a nuna masa so. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi zuwa sashenta. Yaya yake ce mini, ni kuwa sai "kai", ko "wancan". In na yi dambu mai daɗi sai in ba ƙanwarsa ta kai masa, in ce ta ce saura ne. Mata har yabona suke yi, wai ni mai kunya ce. Daɗi nake ji kuwa, Allah ya sani.

Ya girma yana facin keke a Kabo. Shekarar da aka kawo shari'a ya ɗage wando, ya bar 'yan gashi a haɓa, ya bi samari a bayan mota zuwa taron ƙaddamar da ita a Kano. Ya dawo murya a dishe, ya tsuguna a ƙofar ɗakina.

"Yaya, malamai sun ce wannan kunyar ba ta cikin addini. Ki faɗi sunana sau ɗaya mu ji."

"Tashi ka ba ni wuri, mai gemun bunsuru."

"Wallahi hisba zan kira miki."

Na rufe fuska da zane ina dariya. Ban faɗa ba.

Da damina zazzaɓi ya kama shi, aka kai shi asibiti a Gwarzo. Kakarsa ta riga ta rasu, sai muka je da ƙanwar babansa, ga maza dangin miji cike da baranda. Malamar asibiti ta leƙo ta ce jikin ya yi tsanani, mutum ɗaya za a bari ya shiga.

"Wace ce uwarsa?"

Na ji ta sarai. Na dubi yayyen mijina, na sunkuyar da kai, na kama gyaran murfin kwanon kunu. Gwaggonsa ta jira ni kaɗan, sannan ta cire takalmi ta shiga.

Kafin la'asar sai ga gwaggon ta fito tana salati. Sai bayan sadakar uku na iya jan ta gefe, na tambaya ko ya yi magana. Ta ce ya yi. Ya tambaya ko na zo, ta ce masa ina waje.