Hakin Wuyan da Ban Yanke Ba

Aikin wanzami yana da tsari, kuma ubana bai yarda a tsallake komai ba. Idan aka yi haihuwa, ranar kwana uku ake kiranmu mu cire hakin wuya, wato ɗan naman da ke reto a ƙarshen baki. Ranar suna mu yi aski. Kafin a ɗauki ƙarfe sai a wanke hannu, a fito da jariri inda haske yake, a danne harshe, a duba. Dubawa tana gaba da yanka. Aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, sauran abin da na sani a gefen zabirar ubana na koye shi.

Akwai wani gida cikin tsohon gari da muke yi wa aski tun zamanin kakana. Maigidan yana sayo lemu da albasa daga Timia yana sayarwa a kasuwa. Aka haifa masa ƴa mace, ranar kwana uku aka aiko mini da safe.

Uwarsa ce ta tarbe ni, tsohuwar da kowa ke kira Hajiya. Ta ce, "Wanzam, yi sauri. Yarinyar nan ba ta kama nono. In ta sha, ta hanci yake fitowa. Hakin ne ya tare ta."

Na karɓi jaririyar na fito tsakar gida. Abin da na fara gani haɓarta ce, ƙarama ƙwarai, ta koma ciki. Sannan numfashinta, yana ƙara idan an kwantar da ita rigingine. Da na danne harshe na duba, sai na ga rufin bakin a tsage tun daga tsakiya har baya, ana hango cikin hanci. Hakin ya rabu biyu, kowane ɓari a gefensa.

Na mayar da ƙarfen cikin zabira. Na ce, "Hajiya, ba zan yanka ba."

Ta ce, "Hannunka ne ya fara rawa?"

"Hannuna lafiya lau. Rufin bakinta ne a buɗe. In na yanka, jini zai bi maƙogwaro, ga shi da kyar take numfashi. A kai ta gidan likita."

"Ubanka ya cire wa uban yarinyar nan, bai tsaya yi mini wa'azi ba. Kai kaɗai ke da aska a Agadas?"

Na gane abin da take nufi, don haka ban koma gida ba. Na fara zuwa wurin sarkin aska na faɗa masa abin da na gani. Daga nan na bi sauran wanzamai huɗu, na fara da wanda ya fi kusa da gidan. Ɗaya ya yi dariya ya ce, "Kai dai gidan gadonka kake tsarewa," amma ya yi alkawari. Na ƙarshe na tarar saƙon Hajiya ya riga ni isa, yana sa takalmi. Na zaunar da shi, na zana masa bakin a ƙasa da yatsa, har ya cire takalmin.

Ba a yanka ba. A gidan likita aka nuna wa uwar yadda za ta tatsa nono ta ba ta da cokali, tana riƙe da ita a zaune. Ranar suna wani aka kira ya yi askin. Tun daga ranar ba a sake aiko mini daga gidan ba.

Yarinyar ta rayu. Ta yi jinkirin magana, da ta fara kuma duk ta hanci take fita, iskar tana kuɓuce mata kafin kalma ta cika. Hajiya ta riƙa faɗa a wurin biki da suna cewa aikin wanzamin da ya ji tsoro ke nan, da an cire hakin da bakinta ya buɗe. Maganar ta iso ni. Gidaje uku suka daina kirana.

Wata rana na tarar da yarinyar a kanti, tana da shekara biyar. Mai kanti ya sa ta maimaita abin da aka aike ta har sau uku, yana cewa, "Ke, da baki ake magana." Sai ta nuna sabulu da yatsa. Ranar na koma gida na sake bin abin da na yi daki-daki, tun daga wanke hannu. Ban ga inda na kuskure ba, amma ban ci abincin rana ba.

Tana shekara shida ubanta ya kai ta Yamai, aka ɗinke rufin bakin. Abinci ya daina fitowa ta hanci. Maganar ba ta miƙe duka ba, an ce an makara, sai da koyo. Na ji uwar tana sa ta hura takarda kullum bayan la'asar, sannan su bi haruffa ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta rasu ba ta sake yi mini magana ba. Na je gaisuwa, na zauna a waje.

Bara, wata rana da safe, aka yi sallama a ƙofata. Yarinyar ce, ta kai shekara goma sha biyu, haɓar ta ɗan fito. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta faɗi saƙo. Ban kama duka ba.

Na ce, "Ƴata, sake faɗa, a hankali. Ba na sauri."

Ta haɗiye miyau, ta ja numfashi, ta ware kalmomin. "Baba, an haifa mini ƙane. Yau kwana uku. Inna ta ce ka zo ka duba bakinsa. Dubawa kawai."

Na shiga ɗaki na fidda ƙarfen daga zabira na ajiye a kan taga. Na ɗauki ɗan itacen danne harshe da sabulu, na ce ta shige gaba.