Kajin da Aka Ba Barakatu a Ƙanƙara

A Mabai, duk matar da 'yan tsakinta suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, gidan Barakatu take nufa. Barakatu ba ta yi boko ba, amma ta san cikin ɗan tsako. Makon farko ɓarzajjen gero take ba su, mai laushi. Daga nan sai gara. Takan cusa kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, ta yayyafa ruwa, ta kife a bakin suri bayan gari, washegari ta ɗauko ta cike. Sai fiffike ya fito sosai take watsa musu dawa da dusa.

Shekarar da 'yan bindiga suka hana noma, suka tarar da mijinta Malam Gide yana huɗa a gonarsa. A amalanke aka kawo gawarsa. Ba a yi arba'in ba suka dawo, suka ƙone rumbuna, suka kora shanu. Kajinta ma ɗaure ƙafafunsu suka yi, suka rataya a babura. Tun daga harbe-harben ranar kunnenta na hagu ya daina ji. Ta taho Ƙanƙara da ƙunshin kaya ɗaya, ta sauka gidan ƙanwarta Talatu, aka share mata ɗakin ajiye itace.

Bayan wata biyar wata ƙungiya ta raba wa matan da suka yi gudun hijira 'yan tsakin gidan gona, ashirin-ashirin, da ɗan buhun abincinsu. Ma'aikacin ya ce wannan na jarirai ne, in ya ƙare a nemi na masu tasowa, kada a kuskura a ba su na masu ƙwai. Barakatu tana can bayan layi, bakinsa kawai ta ga yana motsi.

Ta yi musu ɗaki da tsohon kwando, ta sa kaskon garwashi a gefe. Ranar ne Talatu ta fara jin dariyarta tun zuwanta.

Mako uku abincin ya ƙare. Ta koma ɗibar gero daga wanda ake auna wa gida don fura.

"Yaya," in ji Talatu, "mu goma sha ɗaya ne a gidan nan. Mutane ba su ƙoshi ba, kaji za ki ba?"

Da safe Barakatu ta haɗa tukunyar gara ta nufi bayan gari. 'Yan sa-kai masu gadin hanya suka tare ta.

"Iya, ki koma. Shekaranjiya aka ɗauke mata biyu masu itace daidai wurin nan."

Ta koma da tukunyarta a ka.

Maƙwabcinsu Alhaji Mani yana kiwon kaji masu ƙwai. Da ya ji labari, ya aiko mata da rabin buhun abincinsu, sadaka. Ta zuba a tafin hannu ta murza, ta ga wasu fararen ƙwayoyi kamar tsakuwa. Ranta bai kwanta ba. Ta dubi 'yan tsakin suna saran kwandon don yunwa, ta zuba musu.

Kwana goma sha biyu suka fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Kashinsu ya koma fari. Sai ƙafafu suka daina ɗaukar su, ɗaya ya kwanta ya miƙe wuya, washegari uku. Ta jiƙa musu sassaƙen maɗaci, ta ɗura musu ɗaya-ɗaya, bai hana ba. Da waɗanda suka mutu suka kai tara, ta naɗe ɗaya a tsumma ta kai wa malamin dabbobi. Ya tsaga cikin ya nuna mata ƙodar, ta kumbura, fari fat kamar an shafa alli.

Ya ɗaga murya don ta ji. "Mama, abin da ke ƙarfafa ɓawon ƙwai ne ya yi musu yawa. Ƙodar ɗan tsako ba ta ɗauka."

"Na gan shi a hannuna," ta ce. "Wallahi na gan shi, malam."

Ta daina ba su, amma waɗanda ya riga ya taɓa sai da suka tafi. Huɗu suka rage, zakara ɗaya da mata uku. Ta riƙa zuwa wurin injin niƙa tana share dusar da ta zube, ranar kasuwa kuma ta roƙi burbushin busasshen kifi a ƙasan kwandunan masu sayarwa, ta daka ta gauraya. Da haka suka girma, ɗaya da karkatacciyar ƙafa.

Bana suka fara ƙwai. Barakatu ta hana kowa taɓawa. Ta tara goma, ta shimfiɗa ciyawa a fasasshiyar randa, ta ɗora babbar kazar a kai. Kazar ta sauka ta yi tafiyarta. Ta ɗora ta biyu, ita ma haka. Kwana shida tana ɗorawa suna sauka, kafin Alhaji Mani ya gaya wa Talatu cewa irin waɗannan ba sa kwanci.

Talatu ta matso kusa da kunnenta na dama ta faɗa mata. Barakatu ta daɗe tana kallon randar.

"To ki dafa wa yara," ta ce, "kafin su lalace."